Digirin Ɗalhatu a Cikin Leda

Duk ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, Mu'azu yakan ɗauki Ɗalhatu a mota su wuce gidansa da ke unguwar Al Thumama a birnin Doha. Su ci tuwon matarsa Hajiya Bilqis, sannan su ɗora yaƙin da manyan ƙasashen duniya suka ajiye fiye da shekara talatin. Masu yaƙin sun sha hannu sun watse, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗannan dattawan Kano biyu ba wanda ya aiko musu da labari.

"Wa ya fara harba tauraron ɗan'adam?" Ɗalhatu zai tambaya, loma a hannu.

"Ku ne, Kwamared."

"Wa ya fara kai mutum sama ya dawo da shi da ransa? Wa ya fara kai mace?"

"Duk ku ne. To wa ya taka wata?"

"Kun taka, Kaboyi. Kun kwaso duwatsu kun dawo. Me aka gina da duwatsun?"

Daga sama sai su gangaro filin wasa. Nan za a yi ta kai ruwa rana a kan daƙiƙa uku na ƙarshen wani wasan ƙwallon kwando da aka yi a shekarar 1972, wanda Sobiyat ta ci Amurka da maki ɗaya. Mu'azu ya rantse fashi aka yi musu, Ɗalhatu ya rantse kuka ne irin na wanda bai saba faɗuwa ba. A shekarar da aka yi wasan nan su biyun suna aji ɗaya na firamare, ko kwandon ba su taɓa gani ba, balle ƙwallon. Hajiya Bilqis ta daɗe da daina raba su. Takan ajiye musu shayi ta ja ƙofa.

Abin haushin, babu wanda ya zaɓi ɓangarensa a cikinsu. A shekarar 1985 suka gama sakandare tare, benci ɗaya suke zama. Wani jami'in ba da tallafin karatu ya zo da takardu biyu, ya karanto sunaye. Mu'azu ya faɗo a ta Amurka, ya tafi Texas karatun man fetur. Ɗalhatu ya faɗo a ta Tarayyar Sobiyat, ya tafi wani gari mai sanyin da ke daskarar da majina, ya koyi yarensu shekara guda, ya yi shekara biyar yana karatun sadarwa da taurarin ɗan'adam. Kuma kada wani ya yi zaton daƙiƙi ne. Shi ke ɗaukar na ɗaya, Mu'azu na bin bayansa yana kwafar lissafi.

Ya karɓi digirinsa a watan Yunin 1991. Kafin shekarar ta fita, ƙasar da ta ba shi digirin ta rushe.

A gida ya sami aiki a kamfanin sadarwa na gwamnati, ya yi ta jiran ranar da za a buƙaci abin da ke kansa. Ranar ba ta zo ba, kamfanin ne ya mutu. Ya koma gyaran wayar hannu a kasuwa har idonsa ya fara gaza ganin ƙananan ƙusoshi. Da aka zo neman masu gadi kafin gasar cin kofin duniya, sai ya biyo ayari zuwa Doha. Yau shekararsa huɗu yana tsaye a ƙofar wurin ajiye motoci na wani babban kanti, yana ɗaga sanda yana saukewa. Ɗaki ɗaya suke kwana su shida a Bin Omran. Mu'azu kuwa manaja ne a wani kamfani da ke yi wa masu haƙar gas a teku aiki, a masallaci suka haɗu bayan shekaru da rabuwa, suka rungume juna suna hawaye, kafin su isa mota sun soma musu.

Musun nan shi ne kaɗai wurin da Ɗalhatu yake daidai da Mu'azu. Ya san haka, kuma yana jin zafin sanin.

To, ga shi shekara sittin ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kamfanin gadin da ke matsayin kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ba ya sabunta wa wanda ya cika sittin takardun zama, sun ma ba shi takarda tun farkon shekara. In ya koma Kano, babu kasuwa, babu ido, babu fansho. Sai matarsa Sanatu da ke zaune a gidan haya a Kurna, wadda sau ɗaya ya je ya gani cikin shekara huɗu.

Mu'azu ne ya kawo mafita, kuma don kada ta yi kama da sadaka, a tsakiyar musu ya jefo ta.

"Tunda ku ne gwanayen sama, muna neman wanda zai kula mana da tasoshin da ke haɗa mu da ma'aikatanmu na teku. Na yi wa shugabanmu maganarka. Shekara biyar, da gida, kuma za ka iya kawo Sanatu. Abu ɗaya suke so, a tantance takardar digirinka a buga mata hatimi. In dai takardar gaske ce, ba a kasuwa ka saya ba."

Ɗalhatu ya yi dariya, amma ranar bai iya gama shayinsa ba.

Wata bakwai ya yi yana fama. Makarantar ta sauya suna sau biyu, ƙasar da take ciki ma sabon suna gare ta. Ya tono Rashancin da ya yi tsatsa a bakinsa ya yi ta rubuta wasiƙu. Har ya fara cire rai, sai ga amsa: wata mata a ɗakin ajiyar takardunsu ta nemo tsohon littafin rajista, ta ga sunansa, da lambar digirinsa, da makinsa. Suka aiko da wasiƙar shaida. A ƙasanta suka rubuta cewa sabuwar takarda ba sa bayarwa sai mutum ya zo da kansa, kuma abin kan ɗauki shekara. Wannan bai dame shi ba, tasa na nan lafiya lau. Ya karanta wasiƙar a tsaye a bakin sandarsa, sau uku, har wani mai mota ya danna masa hon. Saura mako tara a rufe masa takardun zama.

Ranar Lahadi ya ɗauki takardar digirin ya nufi wani ofishin masu bin takardu a Al Muntazah. Ya zaro ta daga ambulan cikin girmamawa. Ga tambarin guduma da lauje a sama, ga rubutun Rashanci a hagu, na Turanci a dama, ga sunansa da wani magatakarda ya zana da alƙalami da baƙar tawada. Tana ƙyalli kamar jiya aka ba shi. Dole ta yi ƙyalli, domin tun shekarar da ya dawo gida ya kai ta aka yi mata lamineshan, aka liƙe ta gaba da baya da leda mai kauri. Haka kowa ke yi a Kano. Wanda ya taɓa ganin abin da gara da yoyon damina ke yi wa takarda ba ya jiran a ba shi shawara.

Ma'aikacin, wani Basudane mai furfura a gemu, bai ma karanta ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ledar da farce, ya turo masa abarsa.

"Ya hajj, wannan ba za ta karɓu ba. A bayan takarda ake buga hatimi, ba a kan roba ba. Kuma sai sun taɓa takardar da hannu sun ga ba ta jabu ba ce. Ku 'yan Najeriya kullum sai na faɗa muku."

"To yaya za a yi?"

"A cire. Akwai mai cirewa a layin baya, yana da na'ura. Kwana huɗu. Wani lokaci ta fita lafiya, wani lokaci khalas, ta lalace ke nan. Amma kada ka gwada da kanka."

Da ya fito ya kira Mu'azu ya gaya masa. Mu'azu ya ƙyalƙyale da dariya har yana tari.

"Ƙasa ta rushe takarda ta tsira, sai leda ce za ta kayar da mu? Ba komai, na san mutumin, ya yi wa yaranmu biyu. Na'urarsa ma ƙirar Amurka ce, sai ka yi haƙuri. Ka riƙe ta zuwa Juma'a, ni zan kai masa. Amma don Allah, Kwamared, kada ka sa mata hannu. Na san aikinku, komai guduma."

Wasa ne. Irinsa sun yi ya fi dubu. Amma wannan karon maganar ta sami Ɗalhatu a tsaye a rana, da kakin gadi a jaka, bayan wani baƙo ya gama ƙwanƙwasa digirinsa da farce. Aikin Mu'azu ne ya samo. Gidan da za a ba shi, Mu'azu. Tuwon Juma'a, Mu'azu. Yanzu kuma takardar da ya sha sanyin shekara shida a kanta, ita ma sai Mu'azu ya ɗauke ta a motarsa ya kai wa na'urar Amurka ta cece ta. Kwana uku maganar na cin sa a bakin sanda. Mene ne lamineshan in ba gam da zafi ba? Shi da ya zana allunan lantarki da hannunsa, ya san a zafi nawa kowace roba ke saki. Yana so ranar Juma'a ya shimfiɗa takardar fes a kan teburin Mu'azu, ya ce ga aikin guduma.

Ranar Alhamis aikin yamma gare shi. Da hantsi, bayan abokan ɗakinsa sun fita, ya share saman akwatinsa ya shimfiɗa tawul, ya jona dutsen guga, ya samo sabuwar reza da farin ƙyalle. A yi masa adalci, bai yi gaggawa ba. Ya fara gwaji kamar yadda aka koya masa. Yana da wata takardar shaidar horon gadi na kwana uku da aka ba su a Kano, ita ma a liƙe. Ya yanke gefenta, ya rufa ƙyalle, ya ɗora dutsen a ƙaramin zafi, ya ƙirga ashirin, ya ɗaga. Ledar ta taso sumul, ko ɗigo ba ta ɗauko ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, har ya ce wata kalma da Rashanci.

Ya yi bismilla ya ɗauko takardar digirin.

Ledar bayanta ta fita ba gardama, don babu rubutu a wurin. Da ya tsaya nan, wataƙila da an buga hatimin an wuce wurin. Amma Basudanen ya ce sai sun taɓa takarda, kuma mutumin da abu ke yi wa kyau ba ya jin kiran tsayawa. Ya juya ta. Kusurwar sama ta saki. Tambarin ya fito, gudumar da laujen suna nan daram. Ya ci gaba da ja a hankali, yana bin ledar da bakin reza, har ya iso tsakiya inda sunansa yake.

Nan ya ji wata 'yar ƙara, irin ta ɓare albasa. Ya duba. Harafin farko na sunansa ya bar takarda ya bi leda, da 'yar fatar takardar a manne da shi. Takardar gadin injin ne ya buga ta, shekara huɗu kacal a cikin leda. Wannan tawadar alƙalami ce, kuma shekara talatin da uku tana shan gam.

Ya gaya wa kansa zafi ne bai isa ba, gam ɗin bai narke ba. Ya mayar da ledar, ya murɗa dutsen gaba, ya rufa ƙyalle, ya danna, ya ƙirga talatin. Da ya ɗaga ƙyallen sai ya ga baƙi-baƙi a jikinsa. Tawadar ta narke ta bazu. Ya ja ledar da sauri don ya ceci abin da ya rage, sai ta taho da tsakiyar takardar gaba ɗaya: sunansa, da sunan fannin da ya karanta, da lambar da matar nan ta sha wahalar nemowa, da rabin sa hannun shugaban makarantar.

Ya zauna a gefen gado da leda a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Ya yi ta haɗa su yana dannawa da babban yatsa, ko Allah zai sa su koma. Bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Warin ƙuna ne ya tashe shi, dutsen ya cinye tawul ya fara cin akwatin. Ya zare wayar, ya tura komai cikin ambulan, ya sa kaki ya tafi aiki, don motar kamfani ba ta jiran kowa.

Juma'a ta yi. Mu'azu na ta raha a mota, shi kuwa yana kallon titi. A gida Hajiya Bilqis ta tarye su da fara'a.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Jiya mun daɗe muna waya da Sanatu. Na ce mata ta fara shirin fasfo, kuma kada ta wahalar da kanta da tukwane, komai akwai a nan."

"An gode, Hajiya," ya ce.

Aka kawo tuwo miyar kuɓewa. Ya yi loma biyu ya tsame hannu. Tun jiya yake shirya yadda zai faɗa. Kalma shida ce ko bakwai: na gwada da kaina, ta lalace. Ya san Mu'azu ba zai yi dariya ba, kuma wannan ne abin da ya fi tsoro. Dariya zai iya ɗauka, ya saba ramawa. Amma Mu'azu zai yi shiru ne, ya dube shi da idon tausayi, ya ce ba komai, bari mu ga abin da za a yi. Daga ranar kuma ba zai sake ce masa Kwamared da gaske ba. Zai riƙa barin sa ya ci musu, yadda ake barin mara lafiya.

"Ina takardar?" Mu'azu ya tambaya yana wanke hannu. "Yalla, kawo, mutumin na buɗewa bayan la'asar."

"Ban zo da ita ba."

"Mantuwa? Mu biya Bin Omran mu ɗauka."

"Ba mantuwa ba ce. Na yi tunani, ba na son aikin."

Mu'azu ya yi dariya, yana jiran ƙarshen wasan. Ƙarshen bai zo ba.

"Ban gane ba."

"Ba zan yi wa 'yan jari-hujja aiki ba. Ku tsotse ƙasa, ku tsotse teku, ku jefa wa talaka ƙashi ya yi ta godiya. Ba abin da aka koya mini ke nan ba."

"Kai Ɗalhatu, kantin da kake gadi na gwamnatin talakawa ne?"

"Gara gadi. Mai gadi ya san shi bawa ne. Kai fa? Shekara arba'in kana yi musu dako, sun ba ka gida da mota, har ka ɗauka kai ma Ba'amurke ne. Haka kuke, ba kwa taimakon kowa sai kun ɗaura masa igiya a wuya. Ka kawo ni ƙarƙashinka, ka riƙa nuna ni kana cewa ga wanda ya fi ni a aji, ni nake ciyar da shi."

Yana faɗa yana jin ɗacin ƙaryar a harshensa, kuma abin da ya fi ɗaci shi ne ba dukanta ce ƙarya ba. Hajiya Bilqis da ta shigo da shayi ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Mu'azu ya sunkuyar da kai. Ya goge hannunsa da tawul, yatsa bayan yatsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sau uku na shiga ofishin mutumin nan saboda kai. Na ce masa in ka gaza, a kore mu tare." Ya ɗago ya dube shi. "Wallahi, Ɗalhatu, ni duk shekarun nan na ɗauka wasa muke yi."

Nan ne wurin da ya kamata ya faɗi gaskiya. Ƙofar a buɗe take, ya gan ta sarai. Sai ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Ku ne kuke wasa. Mu da gaske muke."

Bai yarda a mayar da shi a mota ba. Ya fito cikin ranar da ba mai hankalin da ke tafiya a ƙasa a cikinta, ya bi gefen katangun gidaje har tashar bas. Yana zama wayarsa ta yi ƙara. Sanatu ce, muryarta cike da murna irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Malam, na je an ɗauki hoton fasfon. Sai da suka sa na gyara ɗaurin mayafi sau biyu. Hajiya Bilqis ta ce wai har teku ana gani daga—"

"Sanatu, ki ajiye hoton. Aikin bai yiwu ba. Ki gaya wa mai gidan haya ba za mu tashi ba, ina nan tafe bayan wata biyu."



"Innalillahi. Me ya faru? Ba ka ce takardar ta zo ba?" Ta ja numfashi. "Ko Alhaji Mu'azu ne ya janye?"

Ɗalhatu ya dubi hannunsa. Har yanzu akwai baƙar tawada a ƙarƙashin farcen babban yatsansa, ta ƙi fita da sabulu. Mutumin da ya shiga ofis sau uku dominsa yana can bayan katangar nan, ko shayinsa bai sha ba.

"Kin dai san halin mutanen Amurka," ya ce.

"Allah ya isa," in ji Sanatu, tana kuka. "Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Bai hana ta ba.